Wai da gaske aljanu ne suka gina birnin Sefar?

Mai Yawan Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun jiya wani bidiyo ke yawo a WhatsApp, har sau uku aka turo min shi. Wai a cikin saharar Aljeriya akwai wani birni mai suna Sefar, duk na dutse, da tituna da lunguna da dogayen gine-gine, kuma wai aljanu ne suka gina shi, wanda duk ya shiga ba ya fitowa. An nuna zanen wasu halittu a jikin bango masu ƙaton kai, ba ido ba baki. Ni dai na duba hotunan da kyau, wallahi titunan kamar an ja igiya aka yanka su. Masu ilimi ku taimaka mana, mene ne gaskiyar wannan abu?

Sarkin Shaguɓe:
Idan wanda duk ya shiga ba ya fitowa, to wa ya ɗauko bidiyon? Ko aljanun ne suka buɗe shafi a TikTok?

Dattijon Zaure:
Wa alaikumus salam. Sarkin Shaguɓe ka bari yaron ya samu amsa tukuna. Malamin Duwatsu, wannan gonarka ce, bismilla.

Malamin Duwatsu:
Na gode Baba. Ƙanena, wurin akwai shi, ba ƙirƙira ba ce. Sefar wani ɓangare ne na tudun da ake kira Tasili n'Ajjer, a kudu maso gabashin Aljeriya, kusa da iyakar Libiya da Nijar. Garin da ya fi kusa shi ne Janet. Tudun ya kai faɗin murabba'in kilomita 72,000, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1982. Kalmar tasili a harshen Abzinawa tana nufin tudu mai shimfiɗaɗɗen kai.

Abin da kake gani kamar gine-gine dutsen yashi ne. Wato asalinsa yashi ne da koguna da teku suka zuba, hawa kan hawa, nauyin na sama ya danne na ƙasa, ruwan da ke ratsawa ya bar sinadarin da ya liƙe ƙwayoyin, har ya zama dutse. An fara zuba wannan yashin kusan shekara miliyan 500 da suka wuce. Idan ka ƙara girman hoton za ka ga layuka a kwance a jikin kowane ginshiƙi, kuma layin da ke jikin wannan ginshiƙin ya yi daidai da na ginshiƙin da ke tsallaken "titin". Wannan shi ne shaidar farko: da can dutse ɗaya ne a haɗe, tsakiyar ce aka ƙwaƙule. Magini ba ya gini haka.

Ɗan Gardama:
Malam, da girmamawa. Na yarda dutse na iya cinyewa. Amma ya cinye a miƙe ɗoɗar, titi ya ratsa titi kamar taswirar sabuwar unguwa? Ruwa da iska ba su da ma'auni. Duk inda ka ga tsari, akwai hannun mai tsarawa.

Malamin Duwatsu:
Ruwan ba shi ya ja layin ba, dutsen ne ya tsage a miƙe tun da farko, ruwan ya bi tsagar. Dutse mai tauri idan ƙasa ta motsa ta matse shi ko ta ɗaga shi, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake, kuma tsagar kan fito jeri-jeri a gefe ɗaya, sannan wani jerin ya gitta ta. A yammacin Tasili akwai tsaunukan Hoggar, inda ƙasa ta kumburo sama har duwatsu masu aman wuta suka ɓarke, can ne ma tsaunin Tahat yake, mafi tsawo a Aljeriya, mita 2,908. Wannan ɗagowar ta karkata shimfiɗar dutsen yashin da ke kewaye da ita. Tsagar da ta fara kamar sili, ruwa ya shiga, ya narkar da abin da ya liƙe yashin, ya wanke ƙwayoyin, ta zama rami, ramin ya zama lungu, lungun ya zama titi. Abin da ya saura tsakanin tsaga huɗu shi ne ginshiƙin da kake kira gini.

Kuma batun cewa halitta ba ta yin tsari, duba hoton gaɓar teku a Arewacin Ayalan, inda ginshiƙan dutse kusan 40,000 suke tsaye, yawancinsu masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Narkakken dutse ne ya huce ya tsattsage haka. Su ma mutanen can sun daɗe suna cewa wani ƙaton mutum ne ya jera su.

Injiniya:
Ni gyara ɗaya gare ni. Malam yana ta cewa ruwa, ruwa. Sahara fa muke magana. Ai iska ce ta sassaƙa waɗannan duwatsun, tana ɗauke da yashi tana goga su kamar yadda ake goge ƙarfe kafin fenti. Haka aka koya mana.

Malamin Duwatsu:
Injiniya, abin da aka koya maka yana da rabin gaskiya. Iska tana aiki, amma yashin da take ɗauka tsalle yake yi kusa da ƙasa, da wuya ya wuce tsayin mutum. Shi ya sa za ka ga gindin ginshiƙi ya rame, kansa ya yi faɗi kamar laima. Ko wannan ramewar ma ba iska kaɗai ba ce, danshi da gishirin ƙasa suna taruwa a gindi su ruɓar da dutsen. Amma kwazazzabai masu zurfin gaske kamar na Tamrit da kwarin Jerat a cikin Tasili, da ramukan da ruwa ya murza suka yi sulɓi, waɗannan iska ba ta iya su. Aikin kogi ne. Abin da ke rikitar da mutane shi ne suna ɗauka yadda Sahara take yau haka take tun fil azal. Ba haka ba ne, ta sha yin kore ta bushe, ta sake yin kore. Ruwa ya yi babban sassaƙa, iska ta zo ta yi gyaran fuska.

Injiniya:
To na karɓi wannan, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Bakan dutsen nan masu kama da ƙofa, waɗanda aka ce sun kusa 300, ina ganin iska ta fi hannu a cikinsu.

Malamin Duwatsu:
A nan ba zan yi maka musu sosai ba. Bangon dutse siriri, wani hawa a cikinsa ya fi sauran laushi, ya ruɓe ta gefe biyu har ya ɓule, iska ta share ɓarɓashin. Haɗin gwiwa ne.

Almajirin Ilimi:
Ina so in ce wani abu kafin a ɗauka ana ƙaryata gaibu. Aljanu gaskiya ne, babu Musulmin da ke ja da wannan. Amma imani da samuwarsu daban, danganta musu wani gini ba tare da dalili ba daban. Mai bidiyon nan bai kawo aya ba, bai kawo hadisi ba, sauti mai ban tsoro kawai ya sa a baya. Kuma Ɗan Gardama da ya ce duk tsari yana da mai tsarawa, ai mun yarda, Allah ne ya halicci dutsen da ruwan da sababin da ke tsakaninsu. A Suratul Ankabut aya ta 20 an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fari halitta. Abin da Malam yake yi kenan.

Ɗan Gardama:
Akaramakallahu na ji. To idan ba aljanu ba, me zai hana mutanen da ne irin Samudawa, waɗanda aka ce suna sassaƙa gidaje a jikin duwatsu?

Anti Mai Tarihi:
Ɗana, wannan tambayar tana da amsa mai sauƙi, domin muna da wuraren da mutane suka sassaƙa dutse da gaske, sai mu gwada. Je ka duba hotunan Petra a Jodan da Mada'in Salih a Saudiyya. Za ka ga sawun kurfi a jikin bango, ɗakuna masu kusurwa daidai, matakala, rubutu a saman ƙofa, magudanar ruwa. Mutum in ya yi aiki sai ya bar sawun kayan aikinsa da tarin ɓarɓashin da ya fitar. A Sefar babu ko ɗaya. Babu ƙofa, babu taga, babu ɗakin da aka fafe. Abin da mutane suka bari a can shi ne zane, da tokar murhu, da fasassun tukwane, da duwatsun niƙa, a ƙarƙashin rumfunan dutsen da suka tarar.

Malamin Duwatsu:
Anti kin tuna min wani abu. Dutsen da aka sassaƙa Petra a cikinsa ɗan'uwan na Tasili ne, zamaninsu ɗaya. A lokacin Afirka da Larabawa da Indiya da Kudancin Amurka duk a haɗe suke cikin babbar nahiya ɗaya da ake kira Gondwana. Manyan koguna suka riƙa kwaso yashi daga tsakiyarta suna zubawa arewa, shimfiɗa ɗaya tun daga yammacin Sahara har Larabawa. Ana gane inda ruwan ya dosa daga karkatar ƙananan layukan da ke cikin dutsen. Kuma a lokacin babu bishiya ko ciyawa a doron ƙasa da za ta riƙe yashi, shi ya sa ya zubo da wannan yawan.

Mai Yawan Tambaya:
Malam wannan miliyan 500 ɗin fa? Wa ya ƙirga? Ba raini ba, so nake in fahimta.

Malamin Duwatsu:
Tambaya ce mai kyau. Hanya biyu ce. Ta farko, abin da ya mutu a cikin dutsen. A cikin dutsen yashin akwai sawun tafiya da ramukan ƙananan halittun teku, a saman sa kuma akwai wani baƙin dutsen laka mai ɗauke da burbushin wasu halittu da ake kira giraftolait, masu kama da haƙoran zarto. Kowane zamani da irin nasa, kuma jerin nasu iri ɗaya ne a duk duniya. Ta biyu, agogon da ke cikin ma'adini. Akwai wani ɗan ƙanƙanin lu'ulu'u mai suna zarkon da ke fitowa a tokar aman wuta, yana ɗauke da yuraniyam wanda ke rikiɗa ya zama dalma a kan saurin da aka sani, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ka auna yawan wannan da wancan, ka samu shekarun. Inda aka samu tokar tare da waɗancan burbushin, sai a san shekarun burbushin, a yi amfani da shi ko'ina.

Wannan baƙin dutsen lakar ma ba abin wasa ba ne, shi ne uwar yawancin man fetur da iskar gas ɗin Aljeriya. Masu neman mai ne suka fi kowa nazarin duwatsun Tasili, domin a can suna fili, a arewa kuwa suna binne ƙarƙashin ƙasa. Ba za su zuba kuɗi a kan ƙirgen da ba ya aiki ba.

Yanzu ga wanda zai tayar da Ɗan Gardama daga kujera. Su waɗannan masu neman man, a shekarun 1960, sun tarar da shimfiɗun dutse masu dogayen ƙarce a jere, irin wanda tulin ƙanƙara kaɗai ke yi idan yana jan tsakuwa a ƙarƙashinsa. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, inda Sahara take yau yana kusa da ƙuryar kudancin duniya, ƙanƙara ta rufe shi kamar Antaktika.

Ɗan Gardama:
Haba Malam! Aljanun ma sun fi wannan sauƙin yarda. Ƙanƙara a Sahara? Ƙasa ta tashi daga can ƙarshen duniya ta taho nan da ƙafa?

Injiniya:
Tsaya, bari in buga lissafi, wannan fannina ne. Nahiyoyi suna motsi 'yan santimita a shekara, ana auna shi yau da tauraron ɗan'adam, kusan saurin tsirowar farce. Mu ɗauki santimita 3. Sau miliyan 445 ya ba da kilomita 13,350. Daga ƙuryar kudu zuwa inda Janet take bai kai kilomita 13,000 ba. Kai, lissafin ya zauna. Na san ba a miƙe ta yi tafiyar ba, amma dai nisan ba abin mamaki ba ne.

Sarkin Shaguɓe:
Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Ɗan Gardama ka yanke farcenka, kada ka farka a Turai.

Mai Yawan Tambaya:
To batun dutse na gamsu. Saura zanen. Waɗannan masu ƙaton kai ba fuska su wane ne? Mai bidiyon ya ce ko aljanu ne ko halittun wata duniya.

Anti Mai Tarihi:
Yauwa, an zo wurina. Zane da sassaƙen da aka ƙirga a Tasili sun haura 15,000, kuma mai bidiyon ya zaɓi uku ko huɗu da suka fi ban tsoro ya bar sauran. Sauran kuwa shanu ne garke-garke, mata zaune suna hira, yara, maharba da baka, masu rawa, giwa, raƙumin dawa, karkanda, dorina, jimina. Ba lokaci ɗaya aka yi su ba, kuma ana gane na gaba da na baya domin wani an zana shi a kan wani.

Akwai sassaƙen manyan namun daji, ciki har da wata ɓauna mai ƙahonni masu tsawon gaske wadda ta ƙare a duniya. Akwai zamanin masu kewayayyen kai, wanda kake tambaya, shi ne mafi tsufa a cikin zanen fenti. Sai zamanin makiyaya, wanda ya fi kowanne yawa da kyau. Sai zamanin doki da keken doki, kimanin shekara 3,000 baya. Daga ƙarshe raƙumi, kimanin shekara 2,000, tare da rubutun Tifinag da Abzinawa ke amfani da shi har yau. Ka lura da jerin: dorina, saniya, doki, raƙumi. An fara da dabbar ruwa, an ƙare da wadda ta fi kowacce jure ƙishirwa. Bangon da kansa yana ba ka labarin yadda ƙasar ta bushe.

Shi kuwa batun halittun wata duniya, san inda ya samo asali. Wani Bafaranshe mai suna Henri Lhote ya kai ayari can a 1956 zuwa 1957, suka kwafi zanen a takarda suka baje kolinsa a Faris. A wani wuri da ake kira Jabbaren akwai zanen wani ƙato mai kusan mita 6, shi Lhote ya laƙaba masa suna babban ubangijin duniyar Mas, saboda kan ya yi masa kama da hular 'yan sama jannati. Laƙabi ne kawai, amma marubutan tatsuniyar baƙi daga sama suka ɗauka suka yi ta yayatawa, yau ga shi ya iso wayarka da sabuwar riga. Masana sun fi ganin mutane ne sanye da abin rufe fuska na bukukuwa, ko kuma siffar abin da suke bauta wa. A jikin da yawansu akwai ɗige-ɗigen ado, da mundaye, da ɗamara. Na Sefar da ya fi shahara ya kai mita 3, yana ɗage da hannuwa, wasu siffofi kamar mata suna kewaye da shi suna miƙa hannu gare shi.

Abu biyu da ba na yafe wa wannan ayarin. Sun riƙa jiƙa zanen da soso don launin ya fito su kwafa, abin da ya lalata wasu. Sannan wasu daga cikin masu zanen ayarin sun ƙirƙiro hotunan mata masu kan tsuntsu irin na Misira, don wasa, aka buga su a matsayin na gaske kafin daga baya asiri ya tonu. Kuma ana ta cewa shi ya "gano" wurin, alhali wani Ba'abzine mai suna Jebrin ne ya riƙa kai shi rumfa-rumfa. Da ɗan gari akan ci gari, amma sunan baƙon aka rubuta.

Ɗan Gardama:
Anti kin ba zamanin doki da na raƙumi shekaru, amma kin tsallake masu kewayayyen kan. Na lura fa.

Anti Mai Tarihi:
Ka kama ni. Na tsallake ne don nan ne masana suka fi faɗa da juna. Fentin jar ƙasa ne da farar ƙasa, ma'adini ne, babu abin da ya taɓa rai a cikinsa da yawa, shi kuwa awon kabon, wanda ake gane shekarun abu da shi, sai da abin da ya taɓa rai, kamar gawayi ko ƙashi. Don haka ana zagayowa ne: a auna gawayin murhun da ke ƙasan rumfar, ko a auna yaushe rabon yashin da ke gindin bangon da ganin rana. Irin wannan awon na biyu ya nuna zanen bai wuce shekara 9,000 zuwa 10,000 ba. Wasu masanan suna kai shi kusa da wannan iyakar, wasu suna rage shi sosai. Abin da yawancin masana suka yarda da shi shi ne ya riga dalar Misira da dubban shekaru.

Jikan Makiyaya:
Ni tun ɗazu nake jira a zo kan shanun. Na ga hotunan, kitson matan nan mai tudu a ka, da yadda aka ɗaure maruƙa a igiya ɗaya a jere. Wallahi kakanninmu ne. Fulani ne suka yi wannan zanen, a daina kewaye-kewaye.

Anti Mai Tarihi:
Ɗan'uwa ba kai ka fara faɗa ba. Amadu Hampate Ba, babban malamin Mali, shi ma Bafulatani, da ya ga kwafin zanen ya ce ya gane wasu al'adun Fulani a ciki, musamman bikin wankan shanu da ake kira lotori, har suka wallafa bayani a kai a 1966 shi da wata masaniya Bafaransa. Wasu sun karɓa, wasu sun ce kamanni kaɗai ba ya isa a tsallaka shekara dubu biyar ko shida, balle ma kwafin da ya duba ba duka ne suka yi daidai da abin da ke jikin bango ba. Ni ra'ayina, a ce makiyayan Sahara suna cikin kakannin makiyayan yankin Sahel na yau, wannan magana ce mai ƙarfi, domin da ƙasa ta bushe kudu da gabas suka nufa. Amma a kira su da sunan wata ƙabila ta yau, nan ne nake ja da baya. Zanen ma kansa yana nuna mutane iri-iri, baƙaƙe da masu haske.

Ka sake duba shanun kuma. Ba su da tozo. Shanu masu tozo daga yankin Indiya asalinsu yake, sun shigo Afirka daga baya.

Jikan Makiyaya:
Kai, na koma na duba, gaskiya ba tozo. Amma Anti wanda ya zana saniyar nan ya san saniya. Dubi yadda ya yi hantsar, dubi yadda kowace da irin roɗinta. Wannan ba aikin mai kallo daga nesa ba ne, mai tatsa ne. A nan dai ba zan janye ba.

Anti Mai Tarihi:
Kada ka janye, kana da shaida. A tsallaken iyaka cikin Libiya, a wata rumfar dutse mai suna Takarkori, an binciki fasassun tukwane aka samu ragowar kitsen madara a jikinsu, na kimanin shekara 7,000. An wallafa sakamakon a 2012. Tatsa suke yi.

Mai Yawan Tambaya:
To me ya kawo ruwan, me ya ɗauke shi?

Malamin Duwatsu:
Duniya tana juyawa kamar katantanwar yara, kanta yana ɗan layi, zagaye ɗaya cikin shekara dubu ashirin da 'yan kai. Wannan layin yana canza lokacin shekara da muka fi kusa da rana. Kimanin shekara 11,000 da suka wuce, kusancin ya faɗo a bazarar arewacin duniya, ƙasar Sahara ta fi zafi, ta jawo iskar damina daga teku ta shigo can ciki. Ciyawa ta fito, ciyawar ta ƙara riƙe danshi, tafkuna suka cika. Tafkin Chadi na lokacin ya haura murabba'in kilomita 300,000. Da layin ya juya, daminar ta ja da baya, wajen shekara 5,500 zuwa 5,000 baya bushewa ta kankama. Ko farat ɗaya ta zo ko a hankali, nan ma akwai saɓani: lakar ƙasan teku a gaɓar Muritaniya tana nuna sauri, lakar tafkin Yowa a arewacin Chadi tana nuna sannu-sannu. Mai yiwuwa kowane yanki da yadda ta same shi.

Amma a riƙe bambancin nan: wannan koren na baya-bayan nan shi ya kawo masu zanen, ba shi ya sassaƙa titunan ba. Su sun tarar da lungunan kusan yadda suke yau. Sassaƙar ta ɗauki miliyoyin shekaru da damuna masu yawa kafin su.

Matafiyi:
Sai yanzu na ga wannan zaren. Ni na shiga Sefar, ga ni kuma ina rubutu. Daga Janet mota ke kai ka gindin tudun, daga nan sai ƙafa, jakuna na ɗauke da ruwa da kaya, hawan ya ci mana kusan wuni. Ba a barin kowa ya hau sai da ɗan jagora, kuma dalilin a fili yake: lungunan kama ɗaya gare su, ka juya sau biyu ka rasa gabas, babu ruwa, babu sabis. Wanda ya shiga shi kaɗai zai iya ɓata ya mutu, ina jin daga nan maganar "ba a fitowa" ta samo tushe.

Dutsen daga waje baƙi-baƙi ne mai ɗan ja, amma inda ya ɓalle cikinsa fari-fari ne, ka murza da yatsa yashi ya zubo. Abin da ya fi tsaya min ba zanen ba ne, bishiyoyin Tamrit ne. Abzinawa suna kiransu tarut. Manya ne, jikinsu a murɗe, duk duniya waɗanda ke tsaye a daji ba su kai 250 ba, wasu sun haura shekara 2,000. Ragowar lokacin ruwa ne, sun ƙi mutuwa amma da ƙyar 'ya'yansu ke tsirowa. Kuma kusa da Janet akwai sassaƙen shanu sun sunkuyar da kai kamar za su sha ruwa, hawaye na zuba daga idonsu. Ɗan jagoranmu ya ce makiyayi ne ya kawo su inda suka saba sha ya tarar ya ƙafe. Labarinsu ne, ni dai na daɗe tsaye a wurin.

Malamin Duwatsu:
Baƙin da ka gani a waje ɓawo ne siriri na ƙarfe da manganis da ke taruwa a hankali cikin dubban shekaru. Yana ma taimaka wa masu bincike, sassaƙen da ɓawon ya sake rufewa ya fi wanda ke da haske tsufa. Kuma ba bishiya kaɗai ta saura ba, har farkon ƙarni na 20 akwai kada a tafkunan Tasili, a Enedi ta Chadi kuwa akwai 'yan kaɗan har yanzu.

Ɗan Gardama:
Na ji duk bayananku, batun tsaga da ruwa na karɓa, na ƙanƙarar ina nan ina juya shi. Amma ko nawa za a ba ni ba zan kwana a wurin nan ba.

Matafiyi:
Kwana uku na yi. Sanyi ne ya hana ni barci, sai wani jaki da ba ya gajiya da kuka.

Mai Yawan Tambaya:
Allah ya saka da alheri, Malam da Anti da kowa. Na kwafi bayanin na tura zauren danginmu inda aka fara turo bidiyon. Kawuna bai ce komai a kai ba, sai ya sake turo wani, wai akwai wani ƙaton ido a saharar Muritaniya da ake gani daga sama, wai tsohon birni ne da ya nutse.

Malamin Duwatsu:
Rishat kenan, faɗinsa kusan kilomita 40. Ƙasa ce ta kumburo kamar ƙwarya a kife, zaizaya ta yanke kanta, hawa-hawan suka fito zobe cikin zobe. Buɗe masa sabon zare ka sa hoton, zan shigo bayan la'asar.